Darasi na Bakwai: Ƙa'idojin Rubutun Hausa, Ma'anarsu da Asalinsu

A darussan da suka gabata mun koyi baƙaƙe da wasula, mun haɗa su sun ba mu gaɓoɓi, gaɓoɓi kuma sun ba mu kalmomi. Da yawa daga cikinku yanzu kuna iya rubuta sunanku da na garinku, wasu ma har sun fara rubuta lissafin bashi a littafin shago. Saura abu guda, shi ne a yi rubutun yadda duk wanda ya ɗauka zai karanta abin da aka nufa ba tare da ya nemo mai rubutun ya tambaye shi ba.

Ku dubi waɗannan jimloli biyu:

Malam ya ba ta kuɗi.
Malam ya ɓata kuɗi.

A ta farko kyauta aka yi wa wata mace. A ta biyu asara aka yi. Idan mai rubutu ya yi gaggawa ya rubuta "Malam ya bata kudi", mai karatu bai san ko barka zai yi ko jaje ba. Ɗan fili tsakanin kalma da kalma, da 'yar ƙugiya a kan harafi, su ne suka raba alheri da ɓarna a nan. Dokokin da suke gaya mana inda za a bar fili da inda za a sa ƙugiya su ake kira ƙa'idojin rubutu.

Daga ina sunan ya fito?

Kalmar ƙa'ida baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gida. Daga Larabci muka aro ta, kuma tushenta a can yana da alaƙa da zama, wato abin da ya zauna daram har ake ɗora wani abu a kansa. Shi ya sa Larabawa suke kiran harsashin gini da wannan suna. Wanda ya yi karatun allo ya wuce ta kan jam'inta, ƙawa'id, a Suratul Baƙara aya ta 127, inda ake ba da labarin Annabi Ibrahim da Annabi Isma'ila suna ɗaga harsashin Ɗakin Ka'aba. Daga baya malaman fiƙihu da na nahawu suka ɗauki kalmar suka sa wa dokokin da iliminsu ya ginu a kai. Ta hannun malamai ta shigo Hausa, ta bazu har kasuwa da tasha, inda za ku ji ana cewa "farashin ƙa'ida" ko "direban nan ba ya bin ƙa'ida".

Da ta zauna a bakinmu sai muka yi mata jam'i irin namu. Wasu suna cewa ƙa'idodi, wasu ƙa'idoji. Wannan sauyi na d zuwa j tsohuwar ɗabi'ar Hausa ce, irin wadda ta mai da gida gidaje, ta mai da gudu guje.

Ita ma kalmar rubutu akwai magana a kanta. Wani masanin harsuna ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya kawo hujja a 1960 cewa rubutu da karatu duka ta hannun Barebari suka iso mana, saboda wannan "tu" ta ƙarshensu irin ƙirar kalmomin Barbarci ce. Wannan bai saɓa wa abin da muka sani ba, domin Borno ta riga ƙasar Hausa karɓar Musulunci, kuma har gobe almajiri mai neman ƙwarewa a Alƙur'ani gabas yake nufa.

Sauran al'ummomi ma suna da nasu sunan. Larabawa suna cewa imla'i, asalinsa malami ya faɗa ɗalibi ya rubuta, abin da muke kira shifta a aji. Kalmar da Ingilishi da Faransanci suke amfani da ita kuwa an ƙera ta ne daga kalmomin Girkanci biyu, orthos mai nufin daidai ko miƙaƙƙe, da graphein mai nufin rubutawa. Su sun kalli abin ta fuskar daidai da kuskure. Namu sunan ya kalle shi ta fuskar harsashi, kuma a ganina namu ya fi faɗar gaskiyar lamarin, domin harsashi mutane ne suke haƙa shi, a wuri sananne, a rana sananniya, bayan sun yi shawara. Haka ƙa'idojin rubutun Hausa suke. An san waɗanda suka tsara su, an san shekarun, an kuma san gardamar da aka sha.

Waɗanda suka tsara su

Kafin zuwan Turawa Hausawa suna rubutu da ajami, wato haruffan Larabci da aka gyara don su ɗauki sautukan Hausa. Da shi malaman jihadi irin su Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, suka rubuta waƙoƙinsu na wa'azi. Har yau kuna ganin sa a jikin takardun naira 200 da 500 da 1000. Sai dai ajami bai samu hukumar da ta tsayar masa da doka guda ba. Kowane malami yana bin abin da ya gada daga malaminsa.

Rubutun boko kuwa a wajen ƙasar Hausa ya fara. Wani Bajamushe mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, ya buga ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876. Babban wanda ya taimaka masa wani yaro ne Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda matafiyin nan Heinrich Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Schön ya yi ƙoƙari, amma kunnensa bai raba k da ƙ ba, bai raba d da ɗ ba. A rubutunsa kafa da ƙafa duk ɗaya ne. Waɗanda suka biyo bayansa sun ji bambancin, sai kowa ya nemi dabararsa, wannan ya sa ɗigo a ƙarƙashin harafi, wancan ya rataya masa waƙafi a gefe.

Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, gwamnatin Lugga ta zaɓi haruffan boko don aikin mulki da makaranta. A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a Nasarawa, kuma gidansa yana nan har yau ana kiran sa Gidan Ɗan Hausa. A 1912 ya buga dokokin rubuta Hausa da boko, waɗanda ake ɗauka su ne ƙa'idoji na farko da hukuma ta tsaya a kansu. Dorugu, wancan yaro da aka kai Ingila, da tsufansa ya koyar a wannan makaranta, kuma a Kano ya rasu a shekarar da dokokin suka fito.

Kada sunan boko ya ruɗe ku. An daɗe ana cewa daga kalmar Ingilishi ta littafi aka samo shi, amma masanin Hausa Paul Newman ya nuna a 2013 cewa tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar yadda ake cewa amaryar boko. Kakanninmu sun raina sabon rubutun ne suka sa masa wannan suna, sunan kuma ya bi shi.

Haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sun zo ne a shekarun 1930. A lokacin Dokta R. M. East yana shugabantar hukumar fassara da talifi a Zariya, ana ta buga littattafai, ɗigo da waƙafi kuma suna ba masu ɗab'i da masu karatu wahala. Wata cibiya ta nazarin harsunan Afirka da aka kafa a Landan a 1926 ta riga ta ba da shawarar a riƙa ƙera harafi guda ga kowane sauti, East ya karɓi shawarar. Abin da ya kafa waɗannan haruffa a idon jama'a shi ne aikin Abubakar Imam, littafinsa Magana Jari Ce da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939. Mutum ya karanta jarida sau ɗari ya ga an rubuta ƙasa da ƙugiya, hannunsa ma sai ya saba.

Daga nan sai tarurruka. Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, ta fitar da nata littafin dokoki a 1958, daidai lokacin da ake tsakiyar Yaƙi da Jahilci. A 1966 hukumar UNESCO ta tara masana a Bamako, aka ba da shawarar a riƙa ninka dogon wasali, a rubuta aa ko ii. Nijar ta gwada, Nijeriya ba ta bi ba. Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya da aka kafa a Kano a 1969, wadda yanzu take a Jami'ar Bayero, ta ɗauki ragamar aikin, aka yi zama a Kano a 1972 aka tace dokokin raba kalmomi da haɗa su. A 1980 masanan ƙasashen biyu suka haɗu a Yamai suka daidaita rubutunsu, aka bar ninka wasali. Ɗan bambancin da ya rage shi ne harafin farkon 'ya'ya, wanda a Nijar ake yi wa ƙugiya a rubuta ƴ. 

Ƙa'idoji a sunayen garuruwanmu

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Sunayen mazaɓun Gwarzo da Kabo kaɗai sun ishe mu rabin darasin.

Mu fara da Gwarzo kanta. Idan aka rubuta gwarzo da ƙaramin baƙi, jarumi ake nufi. Idan aka sa babban baƙi, gari ne. Haka Godiya ta ƙasar Kabo take da godiyar da ake yi wa wanda ya yi alheri. Sunan mutum da na gari da na rana da na wata duk da babban baƙi suke farawa, haka ma kalmar farko ta kowace jimla.

A cikin Gwarzo akwai gw, a Lakwaya akwai kw, a Getso akwai ts. Kowane ɗaya haruffa biyu ne a ido, amma sauti guda ne a baki, don haka ba a raba su ko da layi ya ƙare. 'Yan'uwansu su ne sh da ky da gy da ƙw da ƙy da fy. Amma ch ba ta cikinsu. Harafin c shi kaɗai ya wadatar, kamar a ciki da cuta da mace. In kun ga Bichi ko Bauchi a allon hanya, rubutun Ingilishi ne ya zauna a takardun gwamnati. Da Hausa Bici da Bauci ake rubutawa, kamar yadda Sokoto take Sakkwato.

Mazaɓar Jama'a tana koya mana alhamza, wannan ɗan waƙafi na sama da yake nuna an ɗan datse numfashi tsakanin wasula biyu. Yana nan a sana'a da addu'a da ma'aikaci, da ita kanta ƙa'ida. A farkon kalma ba a rubuta shi, shi ya sa muke rubuta aiki da ido haka kawai.

Sabon Birni da Unguwar Tudu su ne suka fi ban sha'awa. Ku faɗi Sabon Birni da sauri ku saurari bakinku. Leɓɓanku za su haɗu, abin da zai fito shi ne "sabom birni". Unguwar Tudu kuma da yawa "unguwat tudu" muke cewa. Ƙa'ida ta ce a bar baki ya yi abin da ya saba, amma a takarda wannan n ta namiji da jam'i, da r ta mace, ba sa sauya kama. Gidan Bala, rigar Musa, motar Kabo, Rimin Gado. Dalili shi ne, in aka bi baki, kalma guda za ta fito da fuska biyar, rigam Musa, rigas Sani, rigak Kande, mai karatu ya rasa gane riga ɗaya ce. A tsakiyar kalma kuwa ana bin baki, a rubuta tambaya da ambaliya da m.

Raba kalmomi da haɗa su

Nan ne aka fi yin tuntuɓe, har masu digiri. Doka mafi girma ita ce, ƙananan kalmomin nan da suke zuwa kafin aikatau suna tsayawa da ƙafarsu. A rubuta ya tafi, ta zo, mun gode, za su dawo. "Nagode" da "yatafi" kuskure ne komai yawan masu yin sa. Haka wanda aikin ya faɗa wa, in ya biyo bayan aikatau, shi ma a ware yake: ya kama shi, ta gan mu, an ba ta. Ne da ce ma a ware suke: shi ne, ita ce, gaskiya ne.

Waɗanda ake haɗewa su ne irin yana, tana, suna, da yake, take, suke, da yakan, takan, sukan. Haka masa, mata, mana, musu. Sai kuma mallaka in gajera ce, gidansa, gonarta, garinmu. In doguwa ce sai ta koma gefe, a ce gidan nasa, gonar tata.

Amfanin wannan duka yana fitowa ne a kalmomin da suke kama da juna:

Ba ya nan. / Baya nan.
Akan sha wahala. / A kan tabarma.
Ka sa hannu. / Ya kasa tumatir. / Ya zauna a ƙasa.
Da ma na sani. / Hannun dama.

Ku ɗauki ta farko. "Ba ya nan" tana nufin mutum ya fita. "Baya" kuwa gadon bayan mutum ne, ko kishiyar gaba. Ta biyu kuma, "akan" a haɗe tana nuna abin da aka saba yi, "a kan" a rabe tana nuna wuri. Wanda ya riƙe waɗannan huɗu ya rage kurakuransa sosai. Sai a ƙara da kanwa da ƙanwa, da kara da ƙara, da dauri da ɗauri. Mai aika saƙo gida cewa a kawo masa "kanwa" kada ya yi fushi in ya ga ƙullin jar kanwa maimakon 'yar'uwarsa.

Abin da ƙa'ida ta bari

Akwai abubuwa biyu da bakin Bahaushe yake rarrabewa amma rubutunmu na yau da kullum ba ya nunawa, tsawon wasali da hawa da saukar murya. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Haka gado na kwanciya da gado na magada, da wuya na jiki da wuya ta wahala. Masu tsara ƙa'ida sun ga cewa ɗan harshe zai gane daga sauran jimlar, kuma cika takarda da alamomi zai sa koyo ya yi nauyi. A ƙamus da littattafan nazari ne kawai ake sa alamomin. Ina ganin sun yi daidai, amma hakan ya ɗora wa mai rubutu nauyi. In ka ga kalmarka za ta iya ɗaukar ma'ana biyu, ƙara mata wata kalmar da za ta fayyace ta.

Sai maganar karin harshe. Gwarzo tana iyaka da Jihar Katsina, kuma duk mai cin kasuwar Getso ya saba jin baƙi daga yamma suna cewa hwari da hwaɗi inda mu muke cewa fari da faɗi. Basakkwace zai ce ɗiya inda muke cewa 'ya. Duk Hausa ce, babu wadda ta fi wata asali. Da aka zo zaɓen wadda za a rubuta littattafan makaranta da jarida da ita, sai aka gina a kan karin Kano, aka kira abin da ya fito Daidaitacciyar Hausa. Kada wannan ya sa mu Kanawa mu saki jiki. Mu ma muna cewa "ya ce mai" da "ta sai da shi", alhali a rubuce ya ce masa ne, ta sayar da shi ne. Kowa da abin da yake ajiyewa a bakin ƙofa in zai shiga rubutu.

A 'yan shekarun nan wayar hannu ta kawo nata salon. Yara suna rubuta q a madadin ƙ, suna sa x a madadin z, har ka ga "xan xo". Haruffan p da q da v da x ba sa cikin abacadar Hausa, sai dai a sunan baƙo ko na kamfani. Da can ana da uzuri, domin tsofaffin wayoyi da keken rubutu ba su da haruffa masu ƙugiya. Yanzu manhajar rubutu irin Gboard tana da Hausa, ana zaɓar ta a saituna, haruffan su fito. Wanda bai iya ba ya ba ɗansa ko jikansa ya saita masa. Hira tsakanin abokai a WhatsApp kowa ya yi yadda ya so, amma takardar sayen gona, da wasiyya, da rasit, da wasiƙar neman aiki, waɗannan ana ajiye su shekaru, kuma wata rana wanda bai taɓa ganin mai rubutun ba ne zai karanta su, wataƙila ma a gaban alƙali.

Aikin aji

1. Daga wane harshe aka aro kalmar ƙa'ida, kuma mece ce ma'anarta ta asali?
2. Wane ne Ɗan Hausa, kuma me ya yi a 1909 da 1912?
3. Me ya sa ake rubuta Sabon Birni da n alhali baki m yake furtawa?
4. Ku gyara waɗannan jimloli:
a. nagode da zuwanku gwarzo.
b. Audu baya gida, yatafi kabo.
c. kanwata tabani kudin mota.
d. Ya ajiye buhun akan dakali.
e. shine yace zasu zo ranar laraba.
5. Ku sa kowace kalma a jimla: kafa, ƙafa, dama, da ma, bari, ɓari.

Aikin gida

Kowa ya rubuta wasiƙa ta layi goma zuwa ga wani ɗan'uwansa da yake nesa, ya ba shi labarin damina ko na kasuwa. In kun gama, ku bi ta sau biyu, karo na farko kuna duba ƙugiya kawai, karo na biyu kuna duba fili tsakanin kalmomi. Sannan ku ba wani ɗan ajinku ya karanta da ƙarfi ba tare da kun taimaka masa ba, duk inda ya tsaya yana kokonto ku ja layi a ƙarƙashi. Ku zo da wasiƙar da fensir a zama na gaba, da ita za mu fara darasin alamomin rubutu.